Kabu-kabun nono

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa wani tsohon Bature na zuwa ƙofar gidanmu a kan babur yana karɓar nono, cewa ta yi, "Au, can ma akwai Hillani?" Na ce mata ba na shanu ba, nawa. Ta yi shiru, har sai da na duba wayar ko layi ne ya yanke. Can ta nisa ta ce, "Ke ɗiyag ga, gaya min gaskiya. Talauci na yak kai ku ga hakan ga?"

Ba sayarwa nake ba, ko sisi ba a ba ni. Amma kafin Inna ta yarda sai da na ɗauko mata labarin tun daga tushe, kuma tun daga ranar duk wadda ta kira ni daga Argungu ko Birnin Kebbi sai ta kewaya ta kewaya ta dawo kan maganar. Shi ne na ce bari in rubuta gaba ɗaya, kowa ya huta.

Tun da na biyo maigidan Ingila, inda yake karatun digiri na uku, tambayar da ake yi mini ba ta wuce ta kaya. To, a gajarce: wuta ba ta ɗaukewa, amma kuɗinta na sa mutum ya kashe ta da hannunsa. Shinkafarsu ba ta kama ƙafar tamu ta fadama ba. Albasar Aliero guda ta fi tasu uku yaji. Kifi kuwa kada ma a ɗauko zancensa gaban Bakabiya. Asibitin da kuke ji ana cewa kyauta ne, mu baƙi ba kyauta ba ne, don tun wurin neman biza muka biya fam 776 na kowace shekara a kan kowane mutum ɗaya, kuma duk da haka in ciwonka ba na mutuwa ba ne sai ka yi ta bugun waya da sassafe kana roƙon a ba ka ranar ganin likita. Wannan duk ƙananan abubuwa ne. Abin da ya girgiza ni a ƙasar nan cikin wata 'yar kwalba ya zo, wadda ba ta kai kofin shayi ba.

Cikina yana sati 29 jinina ya hau, ƙafafu suka kumbura, likitoci suka ce in aka jira za a rasa mu duka biyu. Aka yi mini aiki da tsakar dare. Yarinya ta zo da nauyin kilo ɗaya da gram ɗari, bakwaini sosai, kunnenta kamar ganyen zogale. Ba zan kira sunanta a nan ba, 'yar fari ce, kuma Ingila ba ta cire mini wannan kunyar ba tukuna. Ban ko ji ɗuminta ba aka wuce da ita cikin kwalba. Ni kuma da gari ya waye aka kawo mini abincin mai jego: gasasshen burodi yanka biyu da shayi. Na dubi farantin nan, na tuna kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji, na tuna ruwan zafi da ganyen darbejiya da tsohuwar da za ta tsaya a kanki sai kin cinye, sai kawai hawaye.

A wannan safiyar wata nas ta zo da ɗan sirinji mara allura, ta zauna bakin gadona ta koya mini tatsa da hannu. Abin da ya fito ɗigo ne, rawaya mai kauri, wanda muke kira dakashi. Shi ne dai wanda a gidaje da yawa a wurinmu ake matsewa a zubar, a ce datti ne, a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko madarar akuya har sai "nono mai kyau" ya zo. Matar nan ta bi ɗigon nan da sirinji ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince zinare, ta liƙa masa sunana, ta tashi da sauri ta kai wa yarinya aka shafa mata a cikin kumatu. Ta ce wannan shi ne rigakafinta na farko. Ban ce mata komai ba. Ina zan fara?

Matsalar ita ce nonon bai zo ba. Jiki ya sha wuya, jini ya zuba, ga magunguna, ga tashin hankali, ga shi ba bakin jariri da zai ja. Kwana na biyu abin da nake samu bai kai abin da take buƙata ba, alhali abin da take buƙatar ma bai wuce 'yan ɗigo ba duk bayan awa biyu, ta wata siririyar roba da aka zura mata ta hanci zuwa ciki. Sai ga likita da takarda a hannu. Ta ce suna da nonon da wasu mata suka bayar sadaka, an gwada shi, an tsabtace shi, suna neman izininmu su ba yarinya kafin nawa ya zo.

Wallahi ji na yi kamar ta mare ni. Ni, jikar matar da ta shayar da goma sha ɗaya, a ce 'yata ta farko da nonon wata za ta buɗe ciki, watan ma da ban san addininta ba, ban san abin da take ci ba, ban san ko wace ce ba? Kun san abin da ake cewa a gida game da macen da ba ta da ruwan nono, da kallon da dangin miji ke yi mata. Na ce a kawo madarar gwangwani, ko nawa ce za mu saya.

Likitar ba ta yi fushi ba. Ta jawo kujera ta zana mini hanji a bayan takardar. Ta ce hanjin bakwaini bai gama nuna ba, kuma akwai wata cuta da ke kama shi, ya kumbura, wani sashe ya mutu ya ruɓe, wani lokaci sai an yanka ciki an yanke ruɓaɓɓen, wasu yaran kuma ba sa tashi. Madarar gwangwani daga nonon saniya ake yin ta, kuma an daɗe da gano cewa bakwainin da aka ɗora a kanta ya fi faɗawa wannan cutar fiye da wanda aka ba nonon mutum. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi, in babu na uwarsa, nonon wata uwar da aka tantance shi ne na biyu. Ta ce ba maye gurbina za a yi ba, gada ce kawai a tsallaka kwanakin nan.

Maigidan shi ba kunya ce ta dame shi ba, hukunci ne. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk nonon da ya isa cikin jariri a shekara biyun farko yana haramta aure, ko da tsotsa ɗaya ce. Ba sai biyar ba kamar yadda Shafi'awa suka ce. Matar ta zama uwa, mijinta ya zama uba, 'ya'yanta sun zama 'yan uwa. Ya fita waje cikin sanyin nan ya kira malaminsa na gida. Malam ya ce abin da ya sani shi ne majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta hana kafa bankin nono, wato irin wannan wurin da ake tara nonon mata ana ba jarirai, saboda tsoron cakuɗewar nasaba, mutum ya auri 'yar uwarsa bai sani ba. Sannan ya yi shiru ya ce, "Amma rai ya fi ƙarfin wasa. Ka nemi malamin da ke nan inda kuke, shi ya ga abin da idonsa."

Ashe asibitin da kansa yana da limami, ɗan asalin Pakistan, mai albashi kamar kowane ma'aikaci. Shi ya zo ya warware mana. Ya ce majalisar fatawa ta malaman Turai ta sake duba maganar a 2004 ta halatta amfani da bankin nono idan akwai lalura. Ya ce kuma a Ingila ƙa'ida ce ba a haɗa nonon mata biyu a kwalba ɗaya, saɓanin Amurka inda ake gaurayawa. Kowace kwalba ta mace ɗaya ce, da lambarta, kuma ana rubuta lambar a fayil ɗin jaririn da ya sha, a ajiye bayanan aƙalla shekara 30. Ba za a gaya maka sunanta ba, amma in wata rana maganar aure ta taso aka yi shakka, akwai inda za a je a duba. Ya ce shi ba zai ce mana malaman da suka hana sun yi kuskure ba, ga dai abin da ke akwai, ga kuma yarinya a kwalba.

Muka sa hannu. Ni ba malama ba ce, ba kuma fatawa nake ba kowa ba, abin da muka yi nake faɗa. Kwana tara ta yi tana shan nonon mata biyu da ban san su ba. Na roƙi nas ta riƙa nuna mini kwalbar kafin a ɗura, ina kwafe lambobin a bayan jan littafin da ake ba kowane jariri a nan. Suna nan har yau.

A kwanakin nan an ba ni aron injin tatsa na asibiti, aka ce sau takwas a yini da dare, har da na ƙarfe biyun dare, don a lokacin jiki ya fi amsawa. Aka kuma riƙa fito da yarinya daga kwalba ana kwantar mini da ita a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe mu. Suna ta yi mini bayani cewa dabara ce da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kwalabe suka yi musu kaɗan. Na ce a raina, yau ga Bature yana koya wa Bahaushiya goyo, ya dai juyo da shi gaba ne kawai. Amma ya yi aiki. Rana ta goma na farka rigata sharkaf.

Daga nan kuma sai abin ya zama ambaliya. Yarinya na shan cokali, ni ina tatsar kofi. Sati tara muka yi kafin a sallame mu, kuma ranar da muka dawo gida firizarmu ba ta da wurin ko ƙullin kuɓewa. Maigidan ya fitar da naman da ya saya ya kai wa maƙwabta ajiya. Wata rana da dare na tsaya gaban wurin wanke-wanke da kwalba biyu a hannu zan tuttular, sai hannuna ya ƙi.

Abin da ya riƙe hannuna tsohon labari ne. Ina 'yar shekara goma sha huɗu matar ƙanin babanmu ta rasu wurin haihuwa, jini ya ƙi tsayawa, ta bar ɗa namiji lafiyayye, ƙato, mai kuka kamar ana yanka shi. A gidan nan namu a lokacin mata uku ke goyo. Uku. Aka zauna aka yi shawara. Wani dattijo ya ce in wance ta shayar da shi, to 'ya'yanta mata sun haramta gare shi, mu kuwa gidan auren zumunci ne, kada a toshe hanya tun yanzu. Ɗaya ta ce tsoro take ji kada abin da ya ɗauke uwar ya biyo ta. Ɗaya mijinta ne ya ce shi bai yarda a rage wa ɗansa ba. Aka sayo gwangwanin madara guda, ya ƙare cikin 'yan kwanaki, aka sayo na biyu aka riƙa tsinka shi da ruwan randa don ya daɗe, aka koma madarar akuya, aka koma koko. Zawo ya kama shi. Bai kai arba'in ba. Aka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne, kwana ya ƙare. Amma ni da idona na ga ɗaya daga cikin matan nan a bayan ɗaki, nono ya cika mata har yana ciwo, tana matsewa a ƙasa tana turbuɗewa da ƙafa, kukan yaron nan yana tsallako katanga. An tanada masa matan aure tun yana tsumma, aka hana shi abin da zai kai shi shekarar auren.

Kuma fa ba addini ne ya hana ba. Wa ya shayar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi? Suwaiba ta shayar da shi, Halimatus Sa'adiyya ta tafi da shi ƙauyensu. Sayyidina Hamza ɗan uwansa ne na shan nono, shi ya sa da aka yi masa tayin 'yar Hamza ya ce ba ta halatta gare shi ba. Ayar da ta ce a shayar shekara biyu cikakku, a cikin Baƙara, ita ce ta ce in kuna son ku nemi mai shayar muku da 'ya'yanku babu laifi a kanku. Inna ta ce a zamaninsu in uwa ta rasu kaka ce kan ɗauki maraya, a jiƙa mata magani, ta yi ta sa shi a ƙirji har ruwa ya zo. Abin namu ne tun fil azal. Mu muka sake shi, muka kama gwangwani.

Washegari na nemi lambar bankin nonon. Maigidan ya yi kwana biyu yana juya maganar, don a shari'a nonon ba nawa ba ne ni kaɗai, duk wanda ya sha shi ma ya zama ɗansa. Daga baya ya ce wanda aka yi wa rana ba ya ƙin yi wa wani dare, amma da sharaɗi: mu buɗe littafinmu, mu rubuta lambata da ranar da aka karɓi kowane kaso, kuma in yara sun girma a gaya musu. Yanzu in yana tsokanata sai ya ce na mai da shi uban Turawa yana zaune.

Kada ku ɗauka da na ce zan bayar sai aka hau yi mini godiya. Bature ko kyauta za ka ba shi sai ya sa ka cika takarda. Wata mata ta kira ni ta yi mini tambayoyi kusan awa guda. Kina shan taba? Akwai mai sha a gidan? Giya fa, kofi nawa a sati? An taɓa ƙara miki jini? Kin yi zanen allura a jiki kwanan nan? Na ce lalle nake yi, sai da na ɓata minti biyar ina bayanin lalle. Ta tambayi abubuwan da ko Inna ba ta taɓa tambayata ba, da murya ɗaya kamar mai karanta kuɗin wuta. Sai aka zo kan magunguna, na ce ba na shan komai sai hulba da aka aiko mini daga gida don ƙarin nono. Ta ce to wanda na tatsa ina shan hulba ba za su karɓa ba, in daina, mu fara lissafi daga sabo. Rabin firiza ke nan ya fita daga lissafi. Na ji haushi ƙwarai. Hulbar da kakannin kakanni suka sha? Ta ce ga jaririn da ya cika wata tara ba komai, amma masu shan wannan wasu ba su kai kilo ɗaya ba, ba a gwaji a kansu.

Aka ɗebi jinina aka gwada ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu, tunjere, da wata ƙwayar cutar da ban taɓa jin sunanta ba. Aka aiko da kwali cike da kwalabe a rufe, da takardun liƙawa masu lambata, da ma'aunin sanyi da zan saka a firiza in riƙa rubuta abin da ya nuna kowace safiya, kada ya gaza 18 ƙasa da sifiri. A can kuma in ya isa, sai su narkar da shi, su ɗebi kaɗan su kai ɗakin gwaji, sauran su ɗumama shi a zafin digiri 62.5 na minti 30 daidai, ba tafasawa ba, yadda ƙwayoyin cuta za su mutu amma yawancin amfanin ya tsira. Su sake gwadawa, su sake daskarewa. Wanda bai ci jarrabawa ba a zubar.

Nawa ma an taɓa zubarwa. Kaso na uku aka kira ni cikin ladabi aka ce an sami ƙwayoyin cuta fiye da ƙima, ko zan sake duba yadda nake wanke injin. Ranar ban ci abincin kirki ba. Ni ƙazama? Sai na tuna yadda ake gwada nono a gida: a tatsa a ludayi a jefa tururuwa, in ta fita nono lafiya, in ta mutu an yanke wa mace hukunci, nononta mugu ne, a cire yaro, ta shiga bakin duniya har ta tsufa. Ko ni aka jefa cikin kindirmo mai kauri ai ba lallai in fito ba. A nan kuwa matar cewa ta yi kwalaben ne suka faɗi, ba ni ba, kuma 'yata ta ci gaba da sha ba fargaba. Ashe wata 'yar roba ce a cikin injin ban san ana cire ta a wanke ba.

Sai tsohon. Na zaci mota za a turo mai tambarin asibiti. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya aka ƙwanƙwasa, na buɗe na ga mutum cikin rigar ruwa mai ɗaukar ido, da hular kwano, gemu fari fat, a bayansa wani ƙaton babur da aka rubuta wa "jini" da Turanci. Ya kai shekara saba'in. Ya ce ya zo karɓar saƙo. Ya buɗe akwatin sanyi, ya ƙirga kwalabe, ya sa na sa hannu, ya ce na gode, ya tafi. Daga baya na gane ƙungiyoyi ne na 'yan sa-kai a faɗin ƙasar, da yawansu sun yi ritaya, suna jigilar jini da nono tsakanin asibitoci dare da rana, ba a biyansu. Kabu-kabu ne na Allah da Annabi, ga mutumin da ban ma sani ba ko ya yarda da Allahn. Na tsaya a taga ina kallonsa har ya sha kwana, ina tunanin dattawanmu masu irin shekarunsa da ke kan dakali tun hantsi suna lissafin 'yar wa ta fita ba mayafi.

Amma kada in cika yabo. Akwai abin da ke ci mini rai a tsarin nasu, kuma har gobe ban saba da shi ba. A wurinmu wanda ya sha nononki ɗanki ne. Zai zo gaishe ki da salla, za ki sa baki a aurensa, ranar da kika mutu yana cikin masu ɗaukar makara. A nan lita goma sha huɗu na bayar cikin wata biyar, abin da na samu kati ne mai hoton fure da kalmar godiya. Ban san ko su nawa ba ne, maza ne ko mata, sun rayu ko ba su rayu ba. Wani lokaci a cikin bas in ga Baturiya da ɗan ƙaramin yaro a keke, sai in kama kaina ina leƙa fuskarsa. Matan nan biyu da suka riƙe mini 'yata kwana tara, ko goro ban isa in kai musu ba. Sun ɗauki zumunci sukutum sun mai da shi lamba. Su a ganinsu sirri ne da kare mutunci, ni a ganina maraici ne.

Da na bincika sai na ga ba mu kaɗai ke wannan kokawar ba. A Karachi an buɗe irin wannan banki a 2024, ba a yi nisa ba aka dakatar da shi bayan malamai sun sake fatawa. A Malesiya kuwa, a asibitin Jami'ar Musulunci da ke Kuantan, zama suka yi da malamai suka gina nasu a kan rubuta wace ta bayar, wane ya sha, suka sa masa sunan Halimatus Sa'adiyya. Kenya ta buɗe nata a asibitin haihuwa na Pumwani da ke Nairobi a 2019. Burazil, wadda ba ƙasar masu kuɗi ba ce can, tana da fiye da 200, ta fi kowa a duniya, kuma da kwalaben gilashi na kofi da aka wanke aka dafa suke aiki, a wasu garuruwan 'yan kwana-kwana ne ke bi gida-gida suna karɓa. Abin kuma ba sabo ba ne, tun 1909 aka fara a Biyana ta ƙasar Ostiriya.

Na san abin da za ku ce, don ƙanwata da ke aikin jinya ta riga ta faɗa mini: "Yaya, wace firiza? A watan Afrilu, a Birnin Kebbi, da wace wutar?" Gaskiyarta. Ban ce gobe a kafa inji a Kamba ko Dakingari ba, ko da yake firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana ya isa ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba, kuma ba wanda ya ce abin ya fi ƙarfinmu. Abin da ke ba ni takaici wanda bai buƙatar wuta ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 29 kacal cikin 100 ake ba nono zalla a wata shidan farko, kuma a binciken nan jiharmu ta Kebbi ce ta fi kowace jiha mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, 252 cikin 1,000. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ba duka nono ne sanadi ba, akwai zazzaɓi, akwai yunwa, akwai nisan asibiti. Amma dakashin da muke zubarwa ba gwamnati ce ke zubar mana ba. Ruwan da muke ɗura wa ɗan kwana uku wai zafi ya yi yawa, ba wani ya aiko mu ba.

Batun cakuɗewar nasaba kuma, wanda shi ne babbar hujja, ni dariya yake ba ni mai ciwo. Wace mace ce a cikinmu ba ta da littafin biki? Wance ta kawo dubu biyu da turmin atamfa ranar suna, an rubuta, shekara bakwai ana ajiye da shi a ƙarƙashin katifa don ranar ramawa. Ba ma mantuwa da wannan. Amma a ce liman ko mai unguwa ya ajiye littafi guda, wance matar wane ta shayar da wane ɗan wane a wata kaza, a gwada jininta a asibiti kafin ta fara, shaidu biyu su sa hannu, sai a ce abin da wuya. Mu da muke da ladan, muke da hukuncin, muke da zumuncin da Bature ya rasa, alƙalami ne ya gagare mu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, muna faɗa a gidan biki. A gidan mutuwa kuwa kowa ta riƙe ƙirjinta.

Na faɗa wa Inna duk wannan, har da labarin yaron gidanmu, wanda na ɗauka ta manta. Ba ta manta ba. Ta ce ita lokacin ta riga ta yaye, da tana da ruwa da ba ta tsaya jin ta bakin kowa ba. Ban sani ba ko haka ne, ban kuma ja ba. Ta sa na karanto mata lambobin nan biyu na bayan jan littafi, a hankali, ƙanena yana rubutawa, ta ce za a ajiye su cikin jakar da takardun gona suke, don takardar Bature tana iya ɓata amma tata ba ta ɓata. Ta ce kuma kullum in ta idar da salla tana sa matan a addu'a, "uwayen ɗiyar nan biyu, ko su wa ne ne."

Sannan ta dawo kan abin da ya fi damunta tun farko. Ta ce, "Shi tsohon mai kabu-kabu, in ya zo kina ba shi ko ruwa?" Na ce Inna ba ya shigowa, sauri yake, kayan sanyi ne a bayansa. Ta ce wannan ba hujja ba ce, mutum ya taho cikin ruwan sama saboda ke ya koma hannu rabbana, a ce ɗiyar wa? Da wani ɗan garinmu zai dawo daga hutu sai ga ƙullin kilishi, an rubuta a jikin ledar da hannun ƙanena: na tsoho.

Zuwansa na ƙarshe, yarinya ta fara cin abinci, nonon ya ja baya, kwalabe goma sha ɗaya kawai na tara. Ya ƙirga, na sa hannu, na miƙa masa ƙullin na ce daga mahaifiyata ne, daga Najeriya. Ya ce ƙa'idarsu ba sa karɓar komai. Na ce wannan ƙa'idar sai dai ya kira Argungu ya faɗa da bakinsa. Ya cire safar hannu, ya ɓalli kaɗan ya sa a baki, muna tsaye a bakin ƙofa. Fuskarsa ta yi ja har kunne, idonsa ya kawo ruwa, ya yi tari sau biyu. Da ya samu numfashi sai ya ce, ko zan taimaka masa da ruwa.